Gidan da Aka Hana Daka

Na tsufa ban taɓa jin an ce akwai gidan da aka hana daka a cikinsa ba, sai da na je Dapaong jinyar yayata. Gida ne na mutane, da ƙofa da taga da madafi, ana kwana a ciki ana cin tuwo a ciki, amma wai ba a ajiye turmi a ƙasa. Har yau idan na tuna sai zuciyata ta tafasa. Jikokina suna cewa tun da na dawo na ƙara faɗa, ni kuwa ban musa ba. Su da suka buɗe ido suka tarar da komai a ƙulle cikin leda, ina za su san abin da yake cina? Shi ya sa na ce bari in faɗe shi tun daga farko, wanda zai ji ya ji, wanda zai ce rigimar tsufa ce ya ce.

A Zongon Sokode inda na tashi, turmi ne agogonmu. Da an idar da sallar asuba na gidan mahauta yake fara magana, mai nauyi, don matan gidan ƙarfafa ne, sai na masu koko ya amsa daga bayan masallaci. Da hantsi surfe, da azahar dakan gari, da yamma kuma maƙwabtanmu Kotokoli su kafa kirɓin sakwara har ka ji ƙasa tana motsi a ƙarƙashin tabarma. Kowane gida da muryar turminsa. Kana kwance a ɗaki za ka san wace ce take daka, ka san ko da fushi ta tashi, ka san ko baƙi aka yi. Idan wani gida ya wuni shiru, Iya, mahaifiyarmu, ba ta tambaya. Sai ta auni gero a ƙwarya ta rufe da faifai ta ce a kai, a ce wai ya yi mata yawa ne. Yanzu a unguwar nan tamu babu abin da kake ji sai kukan babur da rediyon masu shago, kuma maƙwabcinka zai iya wuni da yunwa kana jiyo waƙar wayarsa ta katanga ba ka sani ba.

Ban da manyan turamen tsakar gida, Iya tana da wani ƙarami da take kifewa a bayan gado. Turmin ƙamshi muke ce masa. Barkono bai taɓa shiga cikinsa ba, balle daddawa, kuma ba a ba da aronsa ko ga wa. Aikinsa ɗaya ne, yajin kabewa. Kakanninmu fatake ne masu bin hanyar goro, kuma abin da suka bar mana bayan suna shi ne hanci da kwaɗayin kayan ƙamshi. Baba idan ya dawo daga kudu ba ya shigowa hannu rabbana, sai da kirfa a naɗe cikin tsumma, da kanumfari a ɗan gwangwani, da gyaɗar ƙamshi a aljihun riga. Citta da masoro da kimba kuwa a kasuwa muke saye. Da damina ta ja baya kabewa take shigowa daga wajen Kambole, manya-manya, wata sai an mirgino ta, a jera su a rumfa su sha iska. Ba miyar taushe nake nufi ba, wannan kowa ya san ta. Tamu ta gida feraye kabewar ake yi, a yanka manya, a turara a madambaci har ta yi laushi, a dama da man shanu da zuma, sannan a barbaɗa yajin tana da zafi. Mai jego ake yi wa, da mai azumi, da wanda ciwo ya kwantar har bakinsa ya mutu.

Haɗa yajin aikin wuni ne, ni da Yaya muke yi, Iya tana gefe a kan kujera tana tsinkar rama kamar ba ta kallonmu. Busasshiyar citta a kankare ta a ƙara shanyawa. Kirfa a kakkarya ta da hannu. Masoro da kimba a ɗan gasa su a kasko a kan garwashin da ya kusa mutuwa, kowanne shi kaɗai, da ƙamshi ya tashi a sauke, don idan suka yi baƙi ɗaci za su yi. Masu tauri ake fara dakawa, kirfa da citta, a tankaɗe, a mayar da tsakin a sake. Kanumfari a ƙarshe yake shiga, kaɗan, don yana da maiƙo, idan ya riga sauran sai ya dunƙule ya manne a gindin turmi. Iya takan ce kanumfari irin baƙon nan ne mai surutu, idan kika ba shi wuri ba za a ƙara jin muryar masu gida ba. Gyaɗar ƙamshi ba a daka ta, gogawa ake yi a kan dutsen niƙa. Babu mudu babu cokali, tafin hannu ne da hanci, kuma hancin Yaya ya fi na kowa a gidan, har na Iya. Ita take riƙe taɓarya, da lugudenta na yanga, ta cilla sama ta tafa ta cafe. Ta ɗebi garin a yatsa ta shinshina ta ce, "Auta, citta ta yi rinjaye, ƙaro kirfa," kuma ba a taɓa kama ta da kuskure ba. Ni aikina tankaɗe da atishawa.

Ina 'yar budurwa aka kawo injin niƙa na farko unguwarmu. Mata suka yi ta tururuwa kamar ana rabon nama. Akwai wata goggonmu, ƙanwar Baba, da ba ta ganin sabon abu ta ƙyale, ita ce da aka tashi sunan jikanta ta tattara kayan ƙamshinta a kwano ta aika inji. Injin nan kuwa tun safe yake cin jiƙaƙƙiyar masara da barkono da busasshen kifi, ba wanda ya wanke shi. Aka zuba kabewa, mata suka zauna. Kowa ya kai loma ya ji abin da ya ji, ya haɗiye saboda kunya. Yaya kam miƙewa ta yi ta zagaya bayan danga ta tofar, ta dawo tana goge baki ta ce, a gaban kowa, "Goggo, kifi aka sa wa kabewar, ko ita ce ta je rafi da ƙafarta?" Mata suka cusa baki a mayafi suna shaƙewa da dariya. Da muka koma gida Iya ta ɗauki tsintsiya ta zane ta tas saboda rashin kunya. Da ta gama ta zauna ta huce, sai ta shiga ɗaki ta ciro turmin ƙamshi ta dire a gabanta ta ce, "Bakinki ba shi da linzami, amma hancinki bai yi ƙarya ba. Daga yau naki ne." Yaya tana share hawaye ta rantse cewa yajin inji ba zai ƙara shiga bakinta ba har ta koma ga Allah. Mun ɗauka zancen yarinya ce da ta sha duka, ashe da gaske take.

Ta auri wani dillalin shanu da ta gani ta ce shi take so, ya tafi da ita Dapaong, ni kuwa na zauna a Sokode. A can ta yi rayuwarta, a wani gidan ƙasa mai faɗin tsakar gida da bishiyar mangwaro. Duk shekara in aika mata da kabewa ta hannun direbobi, ita ta aiko mini da yaji a kwalba, da saƙon baki cewa ta san nawa bai yi ba ko da ba ta ɗanɗana ba. Haka muka tsufa muna tsokanar juna. Da mijinta ya rasu magada suka sayar da gidan, aka sare mangwaron aka yi shaguna. Ɗanta na fari, mai aikin ofis, ya ɗauke ta ya kai ta inda yake haya, hawa na sama a wani bene mai tayil tun daga ƙofa har makewayi. Ba zan ce yaron banza ne ba. Yana da biyayya, amma irin biyayyar nan ta yanzu da take sayo wa uwa katifa da fanka, ba ta tsaya ta tambaye ta me take so. Wajen kwashe kaya aka ce babu wurin turame, aka bar su a can. Ni ba a gaya mini ba, ita kuma ba ta kai ƙarar ɗanta.

Shi ya kira ni a waya. Ya ce Hajiya, wato Yaya, ta jima a kwance, an sallamo su daga asibiti da magunguna, amma ta daina cin abinci, likita kuma ya ce maganin ba zai zauna a cikin da babu komai ba. Sun yi koko, sun yi farfesu, sun yi fate, duk sai ta juya fuska bango. Abu ɗaya ta ambata, kabewa. Na ce to me ya hana a yi mata? Ya ce an yi. Matarsa ta duba a waya ta ga har Turawa suna da haɗin kayan ƙamshin da suke sa wa kabewa, ta samo shi a leda a wani babban shago, da hoton kabewar a jiki, ta dafa ta barbaɗa. Hajiya ko kallon kwanon ba ta yi ba. Na ce masa ai ko a mafarki hancin Yaya ba zai karɓi abin leda ba. Washegari na ƙulle kirfata da cittata da sauran kayan a tsumma, na sa aka ɗora mini kabewa a mota, na bi hanyar Kara da ƙafafuna masu kumburi.

Da na isa na shiga na ga Yaya. Matar da take cika ƙofa idan ta tsaya, ga ta a tsakiyar katifa kamar an ajiye zane. Ɗakin fes, fanka tana juyawa, kwalaben magani a jere. Gidan kuma shiru, babu abin da kake ji sai gurnanin firij. Ta buɗe ido ta ce, "Auta, kin ƙara muni." Na ce ke kika fara. Na fito falo na kwance ƙullina na ce wa matar ɗanta ta miƙo mini turmi. Yarinyar ta kalli mijinta, shi kuma ya kalli ƙasa.

"Inna, ba a daka a nan," ya ce. "Etaji ne, hawa na sama, kuma karo ne a ƙasa, tayil ke nan, fashewa yake yi. Mai gidan ya sa a kontira, takardar haya. Ƙaninsa ne ma a ƙasanmu, komai yana ji."

"To da me kuke cin abinci?"

"Akwai mulen, injin niƙa, a bakin kasuwa. Ko kuma a sa a mikisa, na'urar markaɗe, yanzu-yanzu ta gama."

Na dube shi na ce, "Uwar taka za ka kai wa yajin inji?"

"Inna, gari dai gari ne. Ba za ta sani ba."

Wannan maganar ta fi komai ƙona mini rai. Ba za ta sani ba. Haka suke yi da tsofaffi yanzu, su yanke abin da ya fi musu sauƙi, su lulluɓe shi da murmushi su miƙo. Na haɗiye abin da ya zo bakina saboda mara lafiya tana ciki, na yafa mayafi na sauka. Na tare ɗan babur, irin waɗanda a can ake kira zem, ya kai ni kasuwa wajen masu sassaƙa, na zaɓi ƙaramin turmi da taɓaryarsa. Sai kuma na tsaya da shi a gefen hanya kamar wadda aka kora daga gida, ban san inda zan dire shi ba. Wata mata 'yar ƙabilar Moba mai tuyar awara ta gan ni, ta yafito ni da hannu. Hausarta ta kasuwa ce, kowa namiji ne a bakinta.

"Mama, kai zo. Gida nawa yana baya, ƙasa ne, kai daka. Amma turmi naka sabo, ya ci dusa tukuna, in ba haka ba yaji ya yi warin itace."

Na ce Allah ya yi miki albarka, ashe da sauran masu hankali a garin nan. Ta ba ni dusa na daka na zubar, na sake na zubar, har warin ɗanyen itace ya fita. Ta ba ni kasko da garwashi. Na zauna a tsakar gidanta, kaji suna zagaye ni, na yi komai yadda aka koya mini, kafaɗuna suna kuka don na daɗe ban riƙe taɓarya da kaina ba. Da ƙamshin ya tashi har maƙwabtanta suka leƙo. Na bar turmin a wajenta, na koma da garin yaji a kwalba. Na turara kabewa a kan gas ɗinsu, na dama da man shanu da zuma, na barbaɗa, na shiga ɗaki ina jin kaina kamar na ci yaƙi.

Yaya ta kalli kwanon ta kalle ni.

"Wa ya daka?"

"Ni mana, Yaya. Da hannuna."

"A ina?"

"Gidan wata mata a bayan kasuwa."

"Ban ji ba."

"Ai da nisa. Ki shinshina ki ji."

Ba ta karɓi kwanon ba. Can ta ce, ba ta kallona, "Tun da na kwanta kowa ƙarya yake yi mini. Yaron nan ya ce na kusa tashi. Likita ya ce ba komai. Yarinyar nan ta ce da hannunta ta haɗa nata, ina jin ƙarar ledar da ta yaga. Na ce ke kam idan kin zo. Har ke, Auta?"

"Wallahi, Yaya, ki dai kai hancinki."

"Hancin ya mutu. Maganin nan ya kashe shi tun tuni. Da na shinshina da ban shinshina ba duk ɗaya. Kunne kaɗai ya rage mini."

Ta juya bango. Na zauna da kwano a cinya yana hucewa. Ashe ba warin abin leda ta ji ta ƙi shi ba, daka ne ba ta ji ba. Matar da ta yi rantsuwa tun tana budurwa ta riƙe ta har furfura, an kawo ta gidan da ba za ta iya sanin abin da ake sa mata a baki ba, ta zaɓi yunwa a kan a yi mata wayo. Kuma tana zaune da su a gida ɗaya ba wanda ya lura hancinta ya tafi. Ni ma da na zo da taƙamar na fi su saninta, ga shi ta sa ni a layinsu. Ban yi kuka ba, fushi ya hana ni. Na ajiye kwanon na sake sauka, na tare zem, na je na ɗauko turmin. Ɗan babur ɗin ne ya hau mini da shi sama, yana haki yana tambaya ko gidan sun yarda. Na ce masa ya kama gabansa.

Ɗan Yaya ya tare ni a tsakiyar falo.

"Inna, don Allah. Idan mutumin nan ya ce mu tashi, ina zan kai ta a haka? Kin san wahalar samun gida a garin nan?"

"Ban sani ba. Abin da na sani uwarka ba ta ci abinci ba."

"Sai mu ce mata..."

"Ka ishe ni da sai mu ce mata. A gidan ƙasa ta haife ka, kana bayanta a goye take daka, da ƙarar turmi kake barci. Yau ka yi karatu ka hau bene, ka zaɓi dutsen ƙasan wani a kan cikin uwarka? Idan tayil ɗin ne zai yi maka addu'a ranar da ta tafi, to ka tsare shi. Kauce mini."

Na san na yi masa tsanani. Yaron tsoro yake ji, kuma tsoronsa ba na banza ba ne. Amma a ranar ba ni da sauran tausayin da zan raba biyu. Ya tsaya bai kauce ba, bai kuma hana ni ba. Matarsa ce ta shiga ɗaki ta fito da bargo ta ninka ta shimfiɗa, ta ɗora turmin a kai. Na zuba ragowar kirfa da citta na ɗaga taɓarya na saki. Ƙarar ta fito a shaƙe, kamar ana bugun katifa. Na ƙara, haka dai. Daga ɗakin Yaya ko motsi babu. Yarinyar nan da na zo ina harara tun safe, ita ta durƙusa ta ɗaga turmin ta janye bargon, ta dire shi a kan tayil tsirara, ta ja da baya.

"Daka, Inna," ta ce.

Na daka. Gidan gaba ɗaya ya amsa, har kwanuka suna rawa a cikin kabad. Ba a jima ba na ji tayil ɗin ya ce ƙas a ƙarƙashin turmi, tsagar ta tafi har ƙafar kujera. Ban tsaya ba. Ƙanin mai gida ya hawo ya fara buga ƙofa da ƙarfi, yana magana da Faransanci. Ɗan Yaya ya kalli tsagar, ya kalli ƙofar ɗakin uwarsa, sannan ya fita ya ja ƙofar falo ya rufe a bayansa. Ban san abin da ya faɗa wa mutumin ba. Na dai ji muryoyi sun hau sun sauka, kuma ba wanda ya shigo. Ina tankaɗe ina mayar da tsaki sai ga murya daga ɗaki, siririya amma tata ce.

"Auta."

"Na'am, Yaya."

"Hannunki ya mutu. Wannan daka ne ko lallashi?"

"Ki taso ki karɓa mana, tunda ke ce gwana."

Na ji wani abu kamar tari, ashe dariya ce. Matar ɗanta ta ɗumama kabewar, na barbaɗa sabon yajin a gaban idon Yaya, muka tallafe ta ta zauna. Ta ci. Ba da yawa ba, amma ta ci, da hannunta, tana lasar yatsa, ta sha magani a kai ya zauna. Na san ba ta jin ɗanɗanon komai, ita ma ta san na sani, duk da haka sai da ta ce kanumfari ya yi yawa. Da na tashi zan fita da kwanon ta riƙo bakin zanena.

"Gobe ma ki daka."

"Yaya, yajin nan zai kai mu wata."

"Ki daka dai. Ko dusa ce."

Mai gidan haya ya aiko cewa su nemi wani wuri. Ɗan Yaya bai taɓa yi mini maganar ba, daga bakin matarsa na ji, ni kuma ban ba shi haƙuri ba, har yau ban ba shi ba. Abin da ya ce wa mutumin dai, a ba shi lokaci, uwarsa ba ta tasuwa. Ban san wane irin zamani ne wannan ba da sai ɗa ya roƙi alfarma kafin uwarsa ta ji ƙarar turmi. Sun gina gidaje masu sheƙi da ba sa ɗaukar nauyin abincin da ake ci a cikinsu, sun cika su da injuna masu yin komai a ɓoye, sannan suna mamakin tsofaffi sun daina yarda da su. Idan na faɗi haka jikokina sai su ce ai sauƙi aka samu. Sauƙin na gani da idona, kwance a kan katifa ya juya fuska bango.

Ba zan yi ƙarya in ce kabewa ta warkar da ita ba, ciwon ya riga ya yi nisa. Amma ta ci gaba da ci kaɗan-kaɗan, ta samu bakin yi wa ɗanta faɗa a kan hular da yake sawa, ta sa jikokinta suka zauna ta ba su labarin goggonmu da kifi. Kullum da hantsi in jawo turmin kan fasasshen tayil ɗin, in zuba dusar da mai awara take aiko mini, in daka. Ƙanin mai gida ya gaji ya daina hawowa. Wata rana Yaya ta ce na yi sauri, wata rana ta ce na yi sanyi, wata rana ba ta cewa komai, sai matar ɗanta ta leƙo ta ce mini tana ji, yatsunta suna bugun katifa.

Ran nan na zuba dusa na fara kamar kullum, kafaɗa tana ciwo, ina mita a raina cewa tsohuwar nan za ta kashe ni kafin ta tashi. Na yi nisa. Na ɗaga taɓarya ke nan sai na ji an riƙe ta daga sama. Matar ɗanta ce, ban ji fitowarta ba, fuskarta jiƙe da hawaye.

"Inna," ta ce, "ya isa haka."